Kundin Hotuna na Bazara da Farkon Damina: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga malaman firamare da na Islamiyya, matan gida da 'yan makaranta a ƙauyukan Kano da Jigawa masu son haɗa kundin hotuna da hannunsu. An fi mayar da hankali kan watannin Maris zuwa Yuni, daga tsananin zafi zuwa tsayuwar shuka.

Mene ne bambancin wannan kundi da albam ɗin da ake saya a kasuwa?

Albam na kasuwa aljihunan leda ne, a zura hoto a rufe, shi ke nan. Kundin hannu kuwa kowane shafi ana gina shi ne a kan labari guda: hoto ɗaya ko biyu, rubutun da ya faɗi rana da wuri da sunayen mutane, sai wani abu na zahiri daga lokacin, kamar busasshen ganye, ƙyallen ɗinkin Sallah ko 'yar tsabar irin da aka shuka. Rubutun nan shi ne ginshiƙi. Shafin da ya sha ado amma babu kwanan wata, bayan shekara goma ko mai shi ba zai iya cewa wace damina ce ba.

Shafukan da nake gani a intanet duk furannin ƙasar waje ne da launi mai sanyi. Mu me za mu sa?

A Turai da Amurka da Japan, Maris zuwa Mayu lokacin narkewar ƙanƙara ne da hudar itatuwa, shi ya sa shafukansu suke haka. A wajenmu waɗannan watanni su ne na zafi mafi tsanani, ƙasa ta bushe ƙamas, kore kuma ba ya rufe gona sai ruwa ya zauna a wajen Yuni. Kwaikwayon nasu bai dace da hoton yaro yana shan mangwaro a gindin darbejiya ba. Abin da ya fi shi ne a raba kundin gida biyu, shafukan bazara da shafukan saukar ruwa. Misalan kowanne suna cikin amsoshi biyu na musamman a ƙasa.

Wane kaya nake bukata kafin na fara?

Almakashi, sabuwar reza, rula, fensir, baƙin biro, farin gam, takardar kwali irin wadda ɗalibai ke zane a kai, kwalin katan mai kauri na bango, basilla da zare mai ƙarfi. Duk ana samunsu a shagon littattafai na hedikwatar ƙaramar hukuma, ko a manyan kasuwannin mako irin Wudil, Dambatta da Maigatari. Mai son ya sara da yawa don aji guda, Kasuwar Sabon Gari a Kano ta fi zaɓi.

Sauran kayan ba saye ake ba. Tela yana zubar da ƙyallayen atamfa, shadda da leshi kullum, musamman a makonnin ɗinkin Sallah, kuma da wuya ya hana idan an roƙa. A wanke ƙyallen a goge shi kafin a liƙa, don wasu suna zuba, sitacin da ke jiki kuma yana jawo kyankyaso.

Wane girma ya kamata shafi ya yi, kuma yaya ake haɗa shafukan?

Masu wannan aiki a Amurka sun fi amfani da shafi mai inci 12 kowane gefe, amma a nan girman A4, wato santimita 21 da 29.7, ya fi sauƙi, domin kowane shagon kwafi yana da takarda da rigar leda daidai da shi. A kwantar da shafin ta faɗinsa. Takardar kwafi ta yau da kullum mai nauyin giram 70 ko 80 ba ta ɗaukar gam, tana yamutsewa. A nemi mai giram 180 zuwa 250.

A bar santimita 3 a gefen da za a ɗinke, kada a liƙa komai a wurin. A huda ramuka uku ko huɗu da basilla, a yi amfani da shafi ɗaya a matsayin ma'auni don ramukan su hau kan juna. Tsakanin kowane shafi biyu a sa siririn kwali mai faɗin santimita 2 a wajen ɗinkin. Idan ba a sa ba, kayan da aka liƙa za su kumbura tsakiyar kundin alhali ƙeyarsa tana matse, ya riƙa buɗe baki, ƙura ta shiga. Shafi 12 zuwa 15 sun isa kundi ɗaya. A ɗaure da igiyar takalmi ko zaren saƙa, ɗaurin da za a iya kwancewa in ana son ƙari. Bango kuma kwalin katan ne da ya fi shafin da rabin santimita kowane gefe, a lulluɓe shi da atamfa.

Wane gam ne ya fi, kuma me ya sa shafina yake lanƙwashewa?

Farin gam na kafintoci, irin Top Bond, shi ya fi dacewa da takarda, ƙyalle da busasshen ganye. Lanƙwashewa daga yawan ruwa take: gefen da ya jiƙe ya buɗe, ɗayan bai motsa ba. A ɗiga gam kaɗan a kan abin da za a liƙa, ba a kan shafin ba, a baje shi da guntun kwali har ya zama siriri, a manna, a ɗora leda mai tsabta, a danne da littattafai masu nauyi ya kwana.

Ƙaro ma gam ne mai kyau ga takarda marar nauyi, kuma Jigawa ƙasar dakwara ce, bishiyar da ake samun ƙaro a jikinta. A jiƙa awo ɗaya na ƙaro a awo biyu na ruwan ɗumi ya kwana, a tace da ƙyalle. Aibinsa biyu ne: yana tsattsagewa idan an yi masa kauri, kuma yana saki da danshin Agusta. Kunun sitaci, awo ɗaya a ruwa awo biyar a dafa ana juyawa har ya yi garau, yana kamawa sosai, amma abinci ne ga gara da kyankyaso, kuma ba ya wuce kwana biyu ko uku bai yi tsami ba. Salatif kam a guje shi gaba ɗaya, domin da zafi gam ɗinsa yana narkewa ya ratsa takarda, ya bar tabon ruwan ƙasa da ba ya fita, ledar kuma ta faɗi. Sufa gulu yana taurara takarda, yana kuma barin farin dabbare a kan hoto. Hoto ba a shafa masa kowane gam. Duba amsar da ke kan hotuna.

Yaya zan tsara shafi kada ya cushe?

A zaɓi hoto ɗaya ya zama babba, a ajiye shi ɗan gefe, ba tsakiya cif ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na shafin a bar shi ga rubutu. Ado kada ya wuce iri biyu, misali ƙyalle da ganye, kuma a tara shi a kusurwa ɗaya ko biyu maimakon a warwatsa. A bar santimita ɗaya da rabi fili a gefuna. Kafin a taɓa gam, a jera komai a busasshe, a ɗauki hotonsa da waya, a duba. Cunkoson da ido bai gani a kan tabarma ba yakan fito fili a fuskar waya.

Wane labari zan iya bayarwa a shafukan bazara, alhali komai ya bushe?

Bazara ta fi yadda ake zato kaya. Shafin mangwaro shi ne mafi sauƙi: hoton tulin mangwaro a bakin hanya ko yara da sanda a gindin bishiya, a kan takarda mai ruwan goro, da sabon tohon ganyen nan mai ja-ja da aka busar. Ɗorawa ma tana ba da shafi guda, daga jan tutunta zuwa nunar 'ya'ya, da matan da ke wankin kalwa don daddawa. Darbejiya tana fitar da ƙananan fararen furanni masu ƙanshi a wannan lokaci, kuma suna cikin masu saurin bushewa. Rimi yana fasa audugarsa, ana iya sa kaɗan a 'yar leda.

Sai ayyukan shirin damina, waɗanda mutane ba sa tunanin ɗauka don sun saba ganinsu: sharar gona, kai taki a mangalar jaki ko amalanke, yaɓen soro, sabunta jinka, dawowar 'yan cirani. A yankunan noman rani irin Kadawa da Kura da kwarin Haɗeja, wajen Maris da Afrilu ake girbin alkama, zangarniya guda da aka danne ta isa ado. Ƙaramar Sallah ma ta faɗo cikin bazara a Afrilu a 2023 da 2024, a ƙarshen Maris a 2025. Shafinta ya fi armashi idan aka yanka murabba'in santimita 4 daga ƙyallen ɗinkin kowane ɗan gida, aka jera, aka rubuta suna a ƙarƙashi.

Akwai shafin da ya cancanci haƙuri, na gawo. Shi ganyensa yana kore shar duk tsawon rani, ya zubar idan ruwa ya sauka, saɓanin sauran itatuwa. A ɗauki gawo guda a Maris, a sake ɗaukarsa daga wuri ɗaya a Yuli, a jera hotunan biyu: a na farko bishiya kore ƙasa fari, a na biyu bishiya tsirara gero kewaye da ita.

Na farkon damina fa?

A fara da shamuwa, tunda zuwanta ne manoma ke ɗauka alamar ruwa ya kusa. A rubuta ranar da aka fara ganinta da bishiyar da ta yi sheƙa. Sannan shafin ruwan fari: rana, lokaci, yadda hadarin ya taso daga gabas, ko ya zo da iska, ko an yi shuka da shi ko an jira. Wanda ya yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin saukar ruwa, ya rubuta ranar binnen da ranar tsiro. Shingen da ke fitowa ya rufe fitila da daddare, da jan ƙwaron nan mai laushi da yara ke tsinta a kan yashi, da ƙwan zabo da ke fara shigowa kasuwa, duk a ɗauke su a hoto.

Shafin shuka ya ɗauki hoton mai sungumi a gaba da masu jefa iri a baya, sunan irin, da inda aka samo shi. Don ganin girman shuka, a kafa turke a gefen gona, a tsaya a wajen kowace Juma'a a ɗauki hoto ta fuska ɗaya har mako shida, a wanke su ƙanana a jera a layi.

Malamin makaranta zai iya ƙara jadawalin ruwa. A sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne, a kafa shi a fili nesa da indararo da bishiya. Kowace safiya a tsoma rula a karanta zurfin ruwan da milimita, a rubuta, a zubar. Zurfin nan shi ne yawan ruwan da ya sauka. Gwangwani mai tsukakken baki ko faɗaɗɗe zai ba da lissafin ƙarya.

Yaya ake busar da fure da ganye ba tare da sun yi baƙi ba?

A tsinka da hantsi, bayan raɓa ta ɗauke kuma kafin rana ta sa su yaushi. A shimfiɗa su kada su taɓa juna tsakanin farar takarda biyu, a sa tsohuwar jarida ninki huɗu ko biyar sama da ƙasa, a ɗora katako, a danne da bulo biyu. A canza jaridar bayan kwana ɗaya, daga nan duk bayan kwana biyu. Da bazara mako guda zuwa kwana goma sun isa. Da damina sai an kai mako biyu zuwa uku. Alamar bushewa ita ce ganyen ya tsaya da kansa in an ɗaga, kuma ba a jin sanyinsa a bayan hannu. Baƙi da fumfuna daga rashin canza jarida suke, ruwan da ya fito ya koma.

Masu sirara su suka fi: furen darbejiya, sabon ganyen tsamiya, ganyen zogale, tafasa, furen gyaɗa da kan ciyawa. Tutun ɗorawa ya yi kauri, sai an tsaga shi biyu da reza, duk da haka jansa yakan koma ruwan ƙasa, don haka hotonsa ya fi. Furen kuɓewa da na rama ruwa ya yi musu yawa, suna manne wa takarda. Tumfafiya kada a bari yara su tsinka, farin ruwanta yana illa ga ido. Wajen liƙawa, a ɗiga farin gam da tsinken ashana a wurare uku ko huɗu a bayan ganyen, ko a ɗaure karan da siririyar takarda. A rufe shafin da farar takarda marar nauyi don kada ya goge na gabansa.

Zan iya liƙa tsaba, ƙasa ko gashin tsuntsu?

Za a iya, amma ba kai tsaye ba. Gero, dawa da wake sukan zo da ƙwan ƙwari a ciki, su ƙyanƙyashe a kundin su huda shafuka. A zuba tsabar a baƙar leda a shanya a tsakar rana na awa uku, ko a sa ta a firiza kwana huɗu inda akwai wuta. Sannan a zuba rabin ƙaramin cokali a 'yar ledar da kemis ke ba da magani, a ɗinke bakin ledar a jikin shafin. Ƙasar gona a tankaɗe ta, a shafa siririn gam a guntun kwali, a barbaɗa, a kaɗe in ya bushe. Gashin zabo mai ɗigo-ɗigo yana kyau a kan baƙar takarda. A wanke shi da sabulu a shanya. Na shamuwa sai wanda ya faɗo ƙasa, ba a taɓa sheƙarta.

Ba ni da kuɗin takarda mai launi. Yaya zan rina da kayan gida?

Ruwan shayi mai kauri yana ba da ruwan ƙasa, kurkur yana ba da ruwan ɗorawa, karan dafi ja, shunin wanki kuma shuɗin sama. A shafa da guntun soso, a bari ya sha iska, a danne shi ya kwana kamar yadda aka faɗa a amsar gam. Sai dai ba duka ke daɗewa ba. Kurkur yana koɗewa da hasken rana, zoborodo kuma yana hawa takarda da ja mai kyau ya rikiɗe zuwa toka-toka. Masu daɗewa su ne na ƙasa: jar ƙasa ko garin gawayi da aka tankaɗe aka dama da ruwan ƙaro. Don hoton hadari, a haɗa shuni da ɗan gawayi a shafa a saman shafi, ana rage kauri zuwa ƙasa.

Hotunan duk a waya suke. Yaya zan wanke su, yaya kuma zan liƙa?

Girman inci 4 da 6 ya dace da babban hoto a shafin A4. Ƙananan kuma a ce wa mai shago ya jera huɗu a takarda ɗaya. Kada a tura masa ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana rage ingancinsa ya fito dishi-dishi. A tura a matsayin fayil, ko ta waya da kebul. A tambayi irin injin: hoton ƙaramin firinta mai tawadar ruwa yakan zuba da ɗigon ruwa ɗaya, na ɗakin wankin hoto ya fi juriya.

Liƙawa da kusurwa ake yi. A yanka takarda mai faɗin santimita ɗaya da rabi, tsawo huɗu, a naɗe bakin biyu zuwa tsakiya su haɗu, sai ta zama aljihu mai kusurwa uku. A zura huɗu a kusurwoyin hoton, a sa gam a bayan aljihunan kaɗai. Ko kuma a tsaga shafin da reza a karkace a kusurwa huɗu a soka hoton. Ta haka ana iya zare shi a sake wankewa. Bayan hoton a rubuta suna da rana da fensir, biro yana ratsowa.

A gidanmu ba a son ajiye hoton mutane. Kundin zai yiwu?

Zai yiwu sarai. Yawancin shafukan da aka ambata, gawo, hadari, gona, jadawalin ruwa, tsaba da ƙyallaye, ba sa bukatar fuskar kowa. Ana iya ƙawata gefuna da zanen irin na zayyanar allo ko na lalle. Inda ake sa hoto ma, matan aure da 'ya'yan maƙwabta sai da izini, musamman kundin makaranta da kowa zai buɗe. Wajen yanka jarida ko kalanda kuma a duba bayanta, kada a datsa aya ko sunan Allah.

Me zan rubuta, kuma da me?

Rana ta Miladiyya da ta Hijira duka, tunda shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11, wata guda ba ya tsayawa a yanayi ɗaya. Sai sunan gari da na gona, da cikakken sunan kowa tare da dangantakarsa, ba “Baba” ko “Yaya” kawai ba. A ƙara abin da ke canzawa, kamar farashin kwanon gero ko buhun taki a makon shuka. In akwai dattijo a gida, a tambaye shi yadda damina ta fara a zamaninsa, a rubuta da kalmominsa, da boko ko da ajami. Fensir da baƙin biro su ne masu daɗewa. Tawadar maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, tana ratsa shafi, tawadar allo kuwa don wankewa aka yi ta, danshi kaɗan zai ɓata ta.

In kai shafukan a yi musu leminatin?

A'a. Zafin injin yana murƙushe busasshen fure, yana baƙanta rasit irin na POS nan take, kuma abin da ya shiga ba ya fitowa. Rigar leda ta A4 mai buɗaɗɗen baki ta wadatar, muddin shafin ya bushe sarai kafin a zura shi.

A ina zan ajiye shi da damina, kuma in ya jiƙe fa?

A akwatin ƙarfe ko bokitin roba mai murfi, a kwance, a bisa wani abu, nesa da bangon ƙasa inda gara ke bi, kuma ba dab da rufin kwano ba. A naɗe shi da tsohon zani, a sa busasshen ganyen darbejiya ko kafur a ƙulle a ƙyalle, kada ya taɓa hoto. 'Yan ƙullin shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi ma suna taimakawa. Sau ɗaya a wata, ranar da aka yi rana, a buɗe shi a inuwa ya sha iska. Mazauna bakin kogin Haɗeja, irin Ringim da Auyo, inda ambaliya ke aukuwa a Agusta da Satumba kamar yadda aka gani a 2022, su rataye shi sama, su kuma ɗauki hoton kowane shafi a waya.

Idan ya jiƙe, a kwance ɗaurin nan take, a raba shafukan, a zare hotuna a shanya su fuska sama a inuwa, kada biyu su haɗu don suna mannewa. Shafukan a sa su tsakanin jarida ana canzawa, a danne idan sun kusa bushewa. Rana kai tsaye tana nannaɗe su. Fumfuna ba a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma: a bari ta bushe, a fita waje, a rufe hanci, a kaɗe da buroshi mai laushi. Shafin da ta ci sosai a cire shi daga cikin sauran, a kwafe rubutunsa a sabo.